Iska Tamanin da Biyar

Wani tela ne, shekara goma sha biyar da aure, surukinsa bai taɓa kiran sunansa ba. Ko gaisuwa ya je, sai tsohon ya ce da 'yarsa, "Ke, ɗan iskan nan naki ya zo." Abin nan na ci masa tuwo a ƙwarya.

Ga shi da minshari kamar injin niƙa. Yana cikin ja sai numfashin ya tsaya cak, har matar ta fara salati, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya. Ta gaji, ta tisa ƙeyarsa asibiti.

Likita ya maƙala masa wani ɗan abu a yatsa, ya duba, ya ce, "Tamanin da biyar. Malam, maƙogwaronka na toshewa. Iskar da ke jininka ta yi ƙaranci."

Tela ya gyara zama. "Likita, iska ta yi min ƙaranci?"

"Ƙwarai."

"Don Allah rubuta min. Ka buga hatimi."

Ko gida bai biya ba, sai wajen suruki. Ya durƙusa, ya miƙa takarda. "Baba, asibiti sun auna. Ba ni da iska."

Tsoho ya sa tabarau, ya karanta, ya ce, "Tamanin da biyar cikin ɗari ne babu? Amma dai da sauƙi, ni ɗari nake ba ka. In ta sauka ƙasa da haka, zan kira sunanka."

Tela ya koma asibiti da murna. Likita ya ce akwai sabon magani da ake gwaji, in ya yarda ya shiga. "Rabi na gaske ne, rabi garin sitaci. Ni kaina ban san wanda za ka samu ba sai an gama."

Bai tambayi aikin maganin ba, ya sa hannu. Kullum sai ya raba ƙwayar biyu da almakashi, ya sunsuna, ya haɗiye rabin da ya fi kama da na gaske, ya jefar da ɗayan.

Bayan wata uku ya ɗauko surukin a mota don ya zama shaida. Aka maƙala abin yatsa.

Likita ya washe baki. "Casa'in da tara! Barka!"

Tela ya ce, "Likita, gwada ɗaya yatsan. Wannan allura ta sha soke shi."

Aka gwada, ɗari cif. Likita ya buɗe ambulan ɗin da aka rubuta irin maganin da aka ba tela, ya duba, ya ce, "Abin mamaki. Ashe sitaci ka yi ta sha. To daga ina iskar nan ta zo?"

Tsoho ya naɗe tabarau, ya miƙe. "Ba daga ko'ina ta zo ba, likita. Tasa ce. Ran farko ɓoye maka sha biyar ya yi."