Ranar da Na Rungumi Surukina

Ba za ni taɓa mantawa da safiyar da na tabbatar wa ƙasar Gobir cewa ilimi shi ne ginshiƙin wayewar ɗan Adam ba. Makamina fulogin mota ɗaya ne.

Shekarun fari ne. Bayan dogon jira ruwan shuka ya sauka, aka wayi gari ƙasa a jiƙe, ga sanyi. Surukina, wanda nake kira Baba, ya sayo irin gero daga garin Isa ya loda a tsohuwar a-kori-kurarsa, za a kai wa dangi Tsamaye. In ba a shuka ranar ba ƙasa ta bushe, kuma ba wanda ya san yaushe sama za ta sake tunawa da mu.

Sai motar ta ƙi. Labbo direba ya murza makulli, ta yi tari, ta girgiza, ta fesa baƙin hayaƙi mai warin fetur, ta mutu. Da ma kwana biyu haka take yi da safe, in ta ɗumama ta lallaɓa tana shan mai kamar raƙumi.

"Man tsallaken iyaka na," in ji Labbo. "Ruwa suka sa mishi."

Ni malamin makaranta ne a Sabon Birni, na kuma karanta littafin injuna har bangonsa ya fita (ban dai taɓa taɓa inji ba). Na kwance fulogi, na same shi baƙi ƙirin da kunkunniya, ya jiƙe da fetur. Na yi wa jama'ar da suka taru bayani kamar ina aji: ko wuta ba ta zuwa, ko mai ya fi iska yawa. Za mu gwada wuta.

Ku tuna fa, Baba mutum ne da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Daga nesa nake cire takalma in durƙusa. To ranar yana tsaye a kafaɗata. Na riƙe wayar fulogi da jiƙaƙƙen hannu, ƙafafuna cikin laka, na ce da Labbo, "Murza!"

Ya murza.

Abin da na sani shi ne na kurma ihun kiran innata, na rungume Baba ƙam, wayar tana hannuna. Wutar ta ratsa ni ta shige shi. Hularsa ta faɗi cikin taɓo, muka yi rawa tare a gaban rabin unguwa.

Da Labbo ya saki makulli, Baba ya gyara rigarsa ya ce, "Malam, wuta kam akwai. Ni shaida na. Mi ar rage?"

Saura iska. Na buɗe gwangwanin da ke tace iska, sai ga shi cike da gero da ƙaiƙayi. Yunwa ta sa ɓeraye sun mai da shi rumbu. Inji bai samun numfashi, ga Labbo yana ƙara shaƙe shi da cok, abin nan mai rage wa inji iska, saboda sanyi. Muka zazzage, muka goge fulogai, aka mai da cok. Murzawa ɗaya ta tashi, hayaƙinta fes! Jama'a suka yi kabbara, Labbo ya ce, "Wallahi boko ta yi rana!"

Kafin azahar iri ya shiga ƙasa a Tsamaye. Na koyi cewa littafi bai yi ƙarya ba, sai dai a riƙe waya da busasshen tsumma, a kuma duba wa ke tsaye kusa.

A bayan mota na tafi, bisa buhuna. Baba ya ce kusancin da muka yi yau ya isa.