Kawu Cindo da Cibiyar Rabon Kaya

A Tudun Gwanda, gidan da ke kallon injin markaɗe shi ne gidan Iya Tabawa. Daga ita tsohuwar sai autanta Cindo, sai matarsa Lantana mai awara, wadda ta daɗe da gane cewa idan za ta aiki mijinta sai ta auna maganarta tukuna. Cindo ba malalaci ba ne, kuma ba ya ƙarya. Matsalarsa guda ce: abin da ya fito daga bakinka shi zai yi, ba ragi ba ƙari.

Ana nan sai ga Nazifi, jikan Iya, ya dawo daga Legas bayan shekaru, da jaka a baya da waya a hannu, ko zama ba ya iya yi sai ya riƙa kaɗa ƙafa. Wani kamfanin kai saƙo ne ya ba shi gwaji: ya buɗe cibiyar rabon kaya a garinsu, wato ɗakin da babbar mota za ta riƙa sauke kwalayen da mutane suka saya ta waya, 'yan acaba su kai wa kowa nasa. Komai a manhajar waya ake sarrafa shi. Sharaɗin kuwa a fili yake. Idan kaya suka riƙa taruwa ba a kai ba, za a rufe, a mayar da cibiyar garin gaba, shi kuma ya koma Legas ɗin da ya rantse ya bar ta har abada.

Iya ta ce, "Shagon ƙofar gida na ba ka, mai gidan. Amma da kawunka za ka yi aikin."

Nazifi ya ce, "Iya, kamfani fa yana da tsari."

"Kamfanin ne ya yi goyon uwarka?"

Shi ke nan magana ta ƙare.

Wata rana, ranar da za a yi wa cibiyar rajista, manhaja ta nemi a danna wani koren maɓalli domin ta san inda shagon yake a taswira. Sai sabis ya ɗauke. Nazifi na sauri zai je wajen kafinta, ya miƙa wa Cindo wayar ya ce, "Kawu, da zarar sabis ya kawo ka danna nan." Cindo ya zauna, sabis bai zo ba. Ya ga ai ba a ce ya zauna ba, sai ya tashi ya tafi nemansa. Ya wuce makaranta, ya wuce maƙabarta, bai samu ba sai a ƙololuwar Dutsen Kura. Nan ya danna. Da motar farko ta iso, direba ya kira Nazifi yana huci: "Malam, taswira ta ce na iso cibiyarku. Ni dai birai nake gani."

Nazifi ya dafe kai. "Kawu, me ya kai ka kan dutse?"

"Can ya kawo, Manaja. Har ya cika fal."

Ba dama ka yi wa ƙanin mahaifiyarka tsawa. Nazifi ya haɗiye, ya wuni yana roƙon ofishin Kaduna su sauko da cibiyarsa daga kan dutse, yarinyar da ke amsa waya tana ta ƙoƙarin danne dariya.

Wata rana kuma Nazifi ya zana iyakar yankinsu a taswirar manhaja, jan layi ya kewaye gari. Ya ce duk abin da ya tsallake layin nan ba nasu ba ne, na cibiyar garin gaba ne. Ya juya ya ce, "Kawu, ka tabbata kowa ya ga layin nan." Nufinsa a nuna wa 'yan acaba. Cindo ya kwashe tokar murhun Lantana kaf a buhu, ya riƙe waya a hannun hagu, ya bi layin yana zubawa. Layin ya ratsa gonar rogon mai unguwa, ya haye bayan wani jaki da ke kwance, ya shiga zauren Liman ya raba shi biyu. Aka yi rashin sa'a a ranar tabarau ɗin da ɗan Liman ya saya masa ya iso. Cindo da kansa ya kai, ya tarar da Liman zaune a kan buzu, can gefen toka.

Ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, a ɗan matso nan. Inda kake ɗin nan ba namu ba ne."

Liman ya dube shi, ya dubi tokar, ya aika a kira masa Nazifi. Da tsintsiya ɗan Legas ya je ba da haƙuri.

Wata rana kwali ɗaya ya ɓace a lissafin manhaja, aka same shi a bayan ƙofa. Nazifi ya kafa doka: "Daga yau duk abin da ya shigo ɗakin nan a ɗauki hotonsa a shigar da shi manhaja. Duk abin da ya shigo, Kawu." Ya tafi duba hanyar wani ƙauye. Kafin ya dawo Cindo ya shigar da kwanon tuwon da Iya ta aiko, da butar alwala, da hular wani ɗan acaba, da akuyar maƙwabta wadda ta leƙo sau da yawa, kowane leƙe da hotonsa. Manhaja ta ga kaya sun yi yawa, ta sanar da Kaduna cewa cibiyar Tudun Gwanda ta cika maƙil, aka juya motar ranar zuwa garin gaba. Abin bai tsaya nan ba, manhaja ta raba wa 'yan acaba aikin kai sababbin kayan. Nazifi ya dawo da yunwa ya tarar an mayar wa Iya tuwonta a kan babur, har an ɗauki hotonta tana karɓa.

"Kawu, akuya kaya ce?"

"Ta shigo, Manaja. Ni ban gayyace ta ba."

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke cin ran Nazifi shi ne kayan mutanen ƙetaren rafi. Ƙauyukan can taswira ba ta san su ba, adireshinsu kuwa sai ka ji an rubuta "bayan gidan mai dawa, kusa da tsamiya", a ƙasar da kowa ke da dawa, kowa ke da tsamiya. Ga damina ta cika rafi, 'yan acaba sun ce baburansu ba kwalekwale ba ne. Kwalaye suka taru har rufi, manhaja ta yi ja jawur.

To, wata rana, ranar kasuwar gari, aka kira Nazifi da safe aka ce Madam Rifkatu daga ofishin Kaduna tana hanya, za ta duba cibiyar ta yanke hukunci. Nazifi na ɗaura agogo, sai Cindo ya tsaya a kansa.

"Manaja, waɗannan na ƙetaren rafin yaya za a yi da su?"

"Kawu, don Allah ka bar ni."

"Ai ka ce kullum in tambaya kafin in yi abu."

Nazifi ya fashe. "To ka kwashe su ka kai kasuwa ka baza kamar tumatir! Ka ji daɗi?" Ya haye babur ya nufi tasha.

Da ya dawo da baƙuwa ya buɗe shago, sai ya ga wayam, ko kwali ɗaya babu. Lantana ta leƙo ta ce ai tun ɗazu mijinta ya yi hayar amalanke. Madam Rifkatu kuwa wayarta kawai take kallo, domin sai ƙara take yi ba ƙaƙƙautawa: an karɓa, an karɓa, an karɓa.

A layin 'yan gwari suka sami Cindo, tsakanin mai albasa da mai attaruhu. Ya shimfiɗa tabarma ya jera kwalaye kashi-kashi, manya a ƙasa ƙanana a sama. Mutanen ƙetaren rafi kuwa, waɗanda babur ya kasa kaiwa gare su, duk sun tsallako da ƙafarsu cin kasuwa kamar yadda suka saba. Wannan ya hango sunansa, wancan ya hango na surukinsa ya ruga kiransa. Kowa ya karanto lambar da aka turo masa a waya, Cindo ya danna ya miƙa. Wani bafatake ya tsaya yana taya wani babban kwali, Cindo ya ce, "Ba a ce in sayar ba, an ce in baza."

Madam Rifkatu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wurin karɓar kaya a ranar kasuwa. Mun yi taro a kan ƙauyukan nan har mun gaji, ba wanda ya kawo wannan. Dabarar wa ce?"

Cindo ya nuna Nazifi. "Shi ya ce."

"To cibiya ta zauna. Kowace ranar kasuwa haka nake so a yi."

Nazifi ya buɗe baki zai yi godiya, sai ya hangi kawunsa ya karɓo bokiti a wajen mai albasa, ya tsoma hannu a ruwa ya nufi sauran kwalayen.

"Kawu! Kawu, me za ka yi?"

"Rana ta yi zafi, Manaja. Kowa ya yayyafa wa nasa, kar namu su yi yaushi."

Nazifi ya yi tsalle ya haye tulin attaruhu, ya rungume bokitin da kawun gaba ɗaya, ruwan ya ƙare a kan rigar da ya goge domin tarar baƙuwa.