Yadda Za Ka Sa Allurarka Ta Yi Zafi

Kai disfensa, majiyyata sun guje ka? Bi matakan nan, na rantse sai benci ya gagara zama. A kan Malam Barau, wani disfensa na wajen Fagam, aka gwada su.

1. Gane laifinka

Da kuɗin man fetur ya zo, gwamnati ta aiko wa Barau allurai sirara. Ya yi wa Inna Batulu ɗaya, ta juyo ta ce, "Malam, sai yaushe za ka fara?" Ya ce ai an gama. Ta ce, "Wannan ba magani ba ne, raini ne." Gari ya koma wa Sada, mai zuwa a kan keke yana yin allura a kasuwar Gwaram, wanda mutum ke kwana yana ɗingishi in ya fito hannunsa. Aka fara zancen rufe ɗakin shan maganin. Hankalin Barau ya tashi ƙwarai.

2. Ɗaure fuska

Kada ka yi murmushi. Masana sun tabbatar ciwo yana raina mai fara'a.

3. Nemo masu riƙo

Samo ƙarti daga gona su danne majiyyaci, ko da tari ya kawo shi. Tambaye shi ko ya yi sallama da gida.

4. Yi ihun da kanka

In allurar ta ƙi zafi, kai ka kurma ihu. Na waje ba su san bakin wane ne ba. Haka Barau ya yi, har daga Yalwan Damai aka riƙa zuwa a kan jaki. Batulu ta fito tana share hawaye, tana cewa, "Yanzu na ji aiki! Allah ya yi maka albarka."

5. Kada ka kuskura ka kwanta ciwo

Nan Barau ya yi sake. Zazzaɓi ya kayar da shi, ya lallaɓa zai haɗiye ƙwaya, Batulu ta kama hannunsa.

"Haba Malam! Kai da ƙwaya? Kuma duk ƙasar nan babu hannun da ya isa ya taɓa ka sai naka."

Ƙartin suka danne shi, aka miƙa masa sirinji, gari ya cika taga. Bawan Allah, ashe tun yana yaro tsoron allura yake yi. Ihun ranar nan kam nasa ne na gaskiya.

Wanda ya bi shawarar nan ya kasa zama, kada ya nemo ni. Ni ƙwaya nake sha.