Maharazu Ya Gyara Zauren Kakansa

"Da ba a ƙauye aka haife ni ba, da yanzu ni nake gina wa Turawa gidajensu." Wannan ita ce gaisuwar Maharazu. Kai ka ce masa ina kwana, shi ya amsa maka da zancen gini. Kuma wallahi ɗan'uwa, ni da muka tashi tare a wani ƙauye bayan Durba, ban taɓa ganin taɓo a farcensa ba. Ko akurkin kaji bai taɓa ɗorawa ba. Abin da ya iya shi ne ya tsaya a inuwa, hannu a baya, yana ce wa magina a ƙara ruwa. Shi ya sa muke kiransa Injiniyan Inuwa.

Abin da ke cin ransa sarautar Sarkin Magina ce. Tun da mai riƙe da ita ya rasu Dagaci bai naɗa kowa ba, Maharazu kuwa kullum yana ƙofar fada yana gyaran murya.

Sai ga dama ta faɗo. Shekarar da korona ta hana taro, 'yar wansa Afra'u, wadda ke karatun gine-gine a jami'a a Kano, ta bugo waya. Ta ce masana za su yi taro ta intanet kan tsofaffin majami'u da gidajen mishan da Turawan Sifen suka gina da ƙasa a nahiyar Amurka, zamanin da suka yi mulkin mallaka a can. Gine-ginen sun tsufa, ana neman dabarar raya su. Sun ji cewa Hausawa har gobe suna zaune a ginin ƙasa, suna son a nuna musu ɗaya. Ita kuma ta ba su labarin zauren kakan Maharazu, wanda ya haura shekara ɗari a tsaye, ba abin da ke riƙe da shi sai yaɓen ƙasa da makuba da ake masa kafin kowace damina.

"Baffa, don Allah kada a taɓa komai," ta ce. "Yadda yake suke son ganinsa."

Maharazu ya ce to. Ya fita ya ƙare wa zauren kallo, sai kunya ta kama shi. Bango ja, ga zanen yatsu, ga zankwaye a sama kamar kunnen zomo, ga indararo ya zuro baki waje. Ya ce wa mahaifiyarsa Iya shi ba zai bari Turawa su tafi da labarin zuri'arsu a tukunya take kwana ba. Iya ta ce ko ubansa bai isa ya taɓa zauren nan ba. Bai musa ba. Ya jira ta tafi biki Zinyau.

Tana juya baya ya ɗebo leburori daga Rano, ana tsakiyar damina. Suka lafta siminti a kan bangon da ya ƙoshi da ruwa, suka gutsure zankwayen, suka shafe komai da koren fenti irin na shagon caji. Indararo kuwa ya ce zai riƙa ɓata masa fenti, ya hau tsani ya toshe shi da hannunsa. Aikin gini na farko ke nan da ya yi a rayuwarsa. Kai ma ka san rufin soro ƙasa ce a kan azara, ruwan sama ba shi da ƙofa sai indararo. To, haka aka yi ta tafka ruwa har ranar taro.

Ranar, bayan la'asar, ya sa an shimfiɗa tabarmi. Dagaci ya zo, dattawa suka zo, mu ma 'yan ba-ni-na-iya muka cika bayan fage. Afra'u ta sauka da kwamfutarta ta wuce gidan ba ta gane shi ba, sai da aka kirawo ta. Da ta ɗaga kai ta ga koren abin nan, sai ta nemi turmi ta zauna. Ni dai ta ba ni tausayi ƙwarai. Amma bakin alƙalami ya bushe, an riga an fara.

Fuskoki suka bayyana a 'yan akwatuna a allon kwamfutar. Da aka fara nuna hotunan gine-gine, wani dattijo a cikinmu ya tambaya ko waɗannan ba coci ba ne. Dagaci ya ce ƙasa dai ƙasa ce, a bari a ji yadda suke yaɓe. Wata farfesa mai furfura ta yi ta nuna bangaye da suka zube, tana girgiza kai. Afra'u ta fassara da sanyin murya: wai babban abin da ya kashe gine-ginensu shi ne siminti, yana kulle ruwa a ciki, bango ya ruɓe ba a sani ba.

"Ranka ya daɗe, yarinya ce, Turancinta bai nuna ba," in ji Maharazu. "Cewa matar take siminti ya ƙare musu."

Da aka zo kanmu, Afra'u ta juya kwamfuta ta fuskanci zauren. Wani Bature ya dafe kai da hannu biyu. Maharazu ya ce mamaki ne ya kusa kashe shi. Ya gyara babbar riga, ya tsaya a ƙofar zaure da sandarsa, ya yi jawabin da har kakan kakansa sai da ya shigo ciki. Farfesa ta jira ya numfasa, ta yi tambaya ɗaya: ta ina ruwan rufin yake fita?

"Gaya mata ginina ba ya fitsari," ya ce.

Don ya tabbatar musu, ya matsa ciki ya maka wa bango sanda. Bango ya amsa kamar ganga. Ya ƙara. Sai muka ga tsaga ta tashi daga ƙasa tana hawa. Dagaci ya ce ya isa haka, amma Injiniyan Inuwa ya riga ya ɗaga hannu.

Simintin ya ɓanɓaro gaba ɗaya ya kife a waje, rufi ya buɗe baki, tafkin da ya tara ya sauko masa a ka da taɓo da komai. Allah Ya kiyaye, azara ba ta same shi ba. Da abin ya lafa, ga Maharazu a tsaye cikin caɓi har gwiwa, ido kawai ake gani, sandar tana hannunsa. Iya ba ta dawo ba tukuna, wannan wata shari'ar ce.

Farfesa ce ta fara magana. Afra'u tana share ƙwalla ta ce wai matar tana roƙon izini ta riƙa nuna wa ɗalibanta wannan bidiyon, domin abin da ta tsufa tana bayani ba a gane ba, bawan Allahn nan ya nuna shi a bugu uku.

Maharazu ya tofar da ƙasa, ya washe baki.

"Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. Jami'o'in duniya za su koyar da aikina. To, maganar sarautar nan fa?"

Dagaci ya miƙe, ya kakkaɓe taɓon da ya fantsalo masa a riga.

"Ka cancanta, Maharazu. Abin da damina ɗari ta kasa, ka gama shi kafin magariba. Gobe ka yi wanka ka zo fada, a naɗa ka Sarkin Rusau."