Yaƙin Kwamanda da Gidan Rina

Duk unguwar da ba ta da mutum irin Kwamanda, a je a yi mata jaje. Mu dai an tausaya mana an ba mu shi, kuma an haɗo mana shi da bakinsa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana shugabancin masu gadi a wani siton kayan gini. Masu gadin su uku ne har da shi, amma in yana ba da labari "dakaruna" yake cewa, kuma ba wanda ya isa ya tambaye shi adadinsu. A duk shekarun nan ɓarawo bai taɓa shiga ta ƙofar da yake tsaye ba. Masu baƙin ciki suna cewa ta baya ɓarayin suke shiga, lokacin da ya tara sauran biyun a gaba yana yi musu lacca. Mu ba ma sauraron masu baƙin ciki.

Sunan Kwamanda ba wani ne ya raɗa masa ba. Da ya ga mutane sun yi nawa wajen gane darajarsa, sai ya taimaka musu, ya sa aka rubuta a jikin ƙofar gidansa da jan fenti. Usur ɗinsa ba ya barin wuyansa, ko burodi zai je saye. In akuya ta tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba, sai ta ji shi.

Abu ɗaya ne ya rage wa wannan bawan Allah a duniya: kujerar shugaban kwamitin tsaron unguwa. Shekara uku yana kwana da ita yana tashi da ita. Za a yi zaɓe ranar Lahadi, kuma har kakin da zai sa ya riga ya ɗinka, da tauraro uku a kowace kafaɗa. Abin takaicin shi ne telan da ya ɗinka kakin, wanda shagonsa ke kallon ƙofar Kwamanda, shi mutane suka tura ya tsaya takara. Tela mutum ne marar hayaniya, kullum da allura a baki, in ka gaishe shi da kai yake amsawa.

"Ku duba wanda za a haɗa ni da shi," in ji Kwamanda. "Mutumin da babban makaminsa almakashi!"

Ranar Alhamis mai karanta mitar wuta ya zo, ya ɗaga kai, ya ja da baya taku uku, ya ce shi ba zai karanta ba. A ƙasan rufin kwano, daidai saman ƙofar shiga, dab da mita, rina ta gina gida mai faɗin faranti. Wata guda ke nan uwargidan Kwamanda da ganinsa, ta kuma faɗa masa har sau biyu, amma lokacin yana nazarin matsalar tsaron ƙasa baki ɗaya. Kullum masanin tsaronmu yana wucewa ta ƙarƙashinsa sau goma, abokan gaba suna ɗora bene a saman hularsa.

Da wani ne, da ya ji kunya. Kwamanda da ya ɗaga kai sai idonsa ya yi haske. Abin nema ya samu.

Uwargida ta ce, "Maigida, ka bari rana ta faɗi. Lokacin duk sun dawo gida sun lafa. A fesa magani, a rufe da leda, a cire. A gidanmu haka muke yi, ko tsintsiya ba a ɗagawa. Da rana yawancinsu suna waje neman abinci."

"Ke, wannan dabarar mata ce," in ji shi. "Jarumi ba ya kai hari a ɓoye. Kuma in rana ta faɗi, wa zai gani?"

Ta dube shi, ta dubi gidan rinar, ta koma kicin. Shekara talatin da aure sun koya mata inda ake ajiye magana.

Ranar Juma'a ba a zauna ba. Ya yanko kwali ya zana taswirar ƙofar gidansa, kamar akwai wanda zai ɓata a hanya. Ya kewaye wurin da jan ƙyalle. Ya raɗa wa aikin suna Farmakin Tsawa. Sannan ya bi gida gida yana sanar da cewa gobe Asabar, ƙarfe goma sha biyun rana daidai, ana gayyatar duk mai ƙuri'a ya zo ya ga yadda ake tsaro a aikace. Tela ma an kai masa gayyata, an ce ya zo ya koya.

Mun je, ba za mu yi ƙarya ba. Kallo kyauta wa zai ƙi? Mun kai mutum talatin a kan bencinan da aka aro. Tsohon hedimasta, wanda ba ya tafiya sai da sanda, aka ba shi bencin gaba saboda girmamawa. Uwargida tana zagayawa da tire tana raba ruwan sanyi, don rana ta take sosai.

Sai ga Kwamanda ya fito. Rigar ruwa har ƙasa, takalmin ruwa har gwiwa, safa biyu-biyu a kowane hannu, hular kwanon mai babur a ka. A dama gwangwanin maganin sauro, a hagu doguwar gora. Ya ɗaga gilashin hular ya yi mana jawabi.

"Jama'ar unguwa! Yau za ku ga bambancin mai ilimin tsaro da mai ɗinka aljihu. Abokin gaba yana sama, ni ina ƙasa, amma tsoro yana wajensa. Kada kowa ya motsa. Muddin ina numfashi, ko ƙuda ba zai taɓa ɗayanku ba."

Ya hau tsani. Ya fesa magani kamar mai kashe gobara. Rina bakwai ko takwas da ke gadin gida suka faɗo suna shure-shure. Ya sa gora ya zungura sau biyu, gidan ya ɓalle ya faɗo ƙasa. Shi ke nan, ko minti uku ba a yi ba. Mun tafa, ni ma na tafa, har na fara tunanin ko mun daɗe muna zaluntar mutumin nan.

Da nan ya tsaya, da yau wani labarin nake ba ku. Amma ganga in ta cika zaƙi, fashewa za ta yi. Kwamanda ya sauko, ya cire hular kwano ya ajiye don a ga fuskar mai nasara, ya ɓalle maɓallan rigar ruwa don zufa ta jiƙa shi sharkaf. Ya soke gidan rinar a kan gora, ya ɗaga shi sama kamar tuta, ya buɗe jawabi na biyu. Ya faro daga ranar da aka ɗauke shi aiki.

Yana cikin labarin shekararsa ta shida a bakin aiki, tela ya zare allura daga bakinsa.

"Kwamanda, sauran fa? Na ga gidan ya fi ƙarfin guda takwas."

"Sauran sun ji labarina sun yi hijira," in ji Kwamanda. Aka yi dariya, ya ji daɗi, ya ƙara ɗaga gorar.

Ni na fara ganin ta farko. Ta zo daga wajen bishiyoyin bayan gidaje, ta nufi ƙasan kwano, ta tarar da wayam. Ta zagaya sau biyu. Sai ga ta biyu, sai ga goma, sai na daina ƙirgawa. Masu gida sun dawo daga kiwo sun tarar an rushe musu gida, kuma ba su sha wahalar bincike ba, tunda ga wanda ya rushe yana tsaye da shi a kan gora yana kaɗawa.

"Ku sani, ni ne garkuwarku," in ji Kwamanda, "ni ne katangar da..."

Ta farko a leɓe ta same shi. Ta biyu a fatar ido. Abin da ya biyo baya cikin ƙiftawa ya faru, amma mutum talatin sun shaida, kuma bakinsu ɗaya. Garkuwarmu ya yi wurgi da gorar, gidan rina ya tashi sama ya sauka tsakiyar bencina. Ya wawuri hular kwano ya kifa a ka, bai san wasu sun riga shi shiga ciki ba. Ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ya faɗa gida, ya banko ƙofa. Muka ji sakatar sama, muka ji ta ƙasa.

Waje ya hargitse. Bencina suka kife, takalma suka rasa masu su, kowa ya yi ta kansa. Uwargida ta yar da tire ta ruga ƙofar gidanta tana bugawa da hannu biyu.

"Maigida, buɗe! Ni ce! Buɗe mana!"

Daga ciki muka ji murya a cikin hular kwano, tana haɗe da ihu da karon bango: "Kowa ya riƙe matsayinsa!"

Tela bai yi jawabi ba. Ya wangale ƙofar shagonsa ya dinga jan mutane ciki, ya kamo uwargida ya tura ta bayan keken ɗinki. Da ya waiga ya ga tsohon hedimasta yana zaune a ƙasa, sandarsa ta yi nisa, sai ya yafa wani yadin labule a ka, ya koma, ya goyo tsohon ya kawo. Rina ta harbi telan sau uku a wuya. Muka cushe a shagon muna ɗora ƙanƙara a inda ya kumbura. Na yi dariya a ranar har cikina ya ƙulle, amma da na ga hannun uwargida ya haye tana kallon ƙofar gidanta a rufe, dariyar ta tsaya mini. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Sai bayan awa biyu aka zare sakata.

Da rana ta faɗi, rinar da ta rage ta taru ta dunƙule a tsohon wurinta, ta lafa. Uwargida ta fito da kujerar tsugunno da leda da sauran maganin da ke gwangwani. Ta hau, ta fesa, ta rufe, ta ƙulle bakin ledar, ta kai bola. Minti biyar. Ba taswira, ba benci, ba wanda ya tafa.

Ranar Lahadi muka taru a filin makaranta. Kun zaci Kwamanda ba zai zo ba? Ba ku san jarumai ba. Ya zo cikin kakinsa mai taurari, fuska ta yi suntum, idanu sun zama tsaga biyu, leɓen sama ya yi wa na ƙasa rumfa, wuya ya sandare ko kaɗan ba ya juyawa. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ya nemi a ba shi minti biyar, ya ci ashirin.

"Waɗannan raunukan fagen fama ne," in ji shi, maganar tana fita da ƙyar. "Masu ƙaramin sani suna cewa na gudu. Ban gudu ba. Ja da baya na yi na dabara, don in tsare hedikwata. Da hedikwata ta faɗi, da duk unguwa ta faɗi. Na san za ku saka mini."

Zaɓen namu ba na takarda ba ne. Ɗan takara zai tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga. Tela ya tsaya can gefe yana sosa wuya. Kwamanda ya tsaya ƙiƙam, ƙirji a gaba, ya sara wa iska. Aka ce a fara. Ya ji takun ƙafafu da yawa, ya ji sandar tsohon hedimasta tana ƙwanƙwasa ƙasa, ya ji ana cewa a matsa a gyara layi. Abin da ya rage na fuskarsa ya yi murmushi. Ya so ya waiga, wuya ya ƙi.

"Uwargida!" ya ɗaga murya. "Duba mini, layin nawa ya kai ina?"

Amsar ba daga bayansa ta zo ba. Daga can gefe ta zo, mutum na uku a bayan tela.

"Daga nan ina hango shi gaba ɗaya, Maigida. Kai ne farkonsa, kai ne ƙarshensa. Ka riƙe matsayinka."