Gwadabe Ɗan Tauri a Ɗakin Wankin Ciwo

Akwai wani ɗan tauri a unguwarmu, Gwadabe, wanda in kiɗa ya yi kiɗa yake goga wuƙa a tumbinsa har ta lanƙwashe, mu kuma muna ta ihu. Wajen cika baki kuwa ba a magana. Rannan ya faɗo daga kan babur, kwalta ta ɗaye masa ƙwauri, ni na kwashe shi zuwa asibiti. Tun a hanya yake ja mini kunne wai kwalta ba ƙarfe ba ce, kada in je in ɓata masa suna.

Nas ɗin da ke wankin ciwo, wata dattijuwa mai suna Kuluwa, ta jiƙa auduga da aidin, sai ta dakata ta ce, "Malam, akwai maganin da jikinka ba ya so? Wanda in an shafa maka sai ƙaiƙayi ko kumburi?"

Ashe ya san sarai aidin ya taɓa kumbura shi, amma ina, ga mutane a layi sun kasa kunne. Ya bugi ƙirji ya ce, "Hajiya, jikin nan da kike gani, ƙarfe ma haƙuri yake ba shi. Shafa kawai!"

Ta shafa. Wallahi kafin ta yar da audugar, borin jini ya feso masa ko'ina, leɓe ya kumbura suntum, idanu suka shige ciki, numfashi ya soma sarƙewa. Ni kam na ce yau na kawo mutum da ƙafarsa zan mayar da gawa. Kuluwa ta wanke wurin da sauri, ta ƙwala wa likita kira, aka zaro allura. Ni da wautata har ina cewa ba za ta shige shi ba. Gogan naka da kansa ya miƙa cinya, allura ta shige sumul.

Da numfashi ya dawo, sai ya yafito Kuluwa, ya yi ƙasa da murya, leɓen nan har yanzu kamar ƙosai.

"Hajiya, don girman Allah maganar allurar nan ta tsaya a ɗakin nan. In 'yan tauri suka ji ƙarfe ya huda ni, na kaɗe har ganyena."

Ta ce, "Kwantar da hankalinka, Malam. Mutumin da auduga ta kayar, wa zai tsaya tambayar labarin allura?"