Rasuwar 'Yar Auduga, Rakodar Goggo Mero

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka gaji da yawon neman magani, Goggo Mero ta Maska, matar marigayi Malam Almustapha, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar rakodarta, wadda aka fi sani da 'Yar Auduga. Ta cika ranar Laraba da hantsi, a kan tabarma, da kaset a cikinta, bayan doguwar jinya.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a bayan keken Malam, a shekarar da auduga ta yi albarka har manoma suka riƙa dawowa daga Funtuwa da abin da ba shi suka je saye ba. Kwanon rufi aka yi shawara zai sayo. Ya dawo da rakoda, yana ta murmushi. Daminar bana ma ɗakin ya yi yoyo.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa katse wa kowa magana ba, ba ta taɓa cewa babu sabis ba. Batir kaɗai take ci, in ya yi sanyi a shanya shi a rana a mayar mata, ta karɓa ba ƙorafi. Lokacin da samarin gari suka fara tafiya Legas da Fatakwal neman na kansu, ɗakin Goggo ya koma gidan waya. Uwa takan yi wanka, ta ɗaura zanen unguwa, ta zo ta zauna gaban akwatin da ba shi da ido. A danna jan maɓalli. Ta yi gyaran murya, ta gaida ɗanta da duk wanda yake zaune da shi, ta faɗa masa wa ya haihu, wa ya rasu, yadda dawa ta yi, sannan ta yi kuka, kukan ma a ɗauka. A ba direban motar masara kaset ɗin. Amsa ta zo bayan wata guda ko fiye, unguwa ta taru a ji.

Goggo ba ta ƙi zamani ba. Ɗanta Manu, da ke aiki a Abuja, ya aiko mata da waya, ta kuma koyi inda ake shafawa. Sai dai tun da ya zama kowane lokaci zai iya samunta, ya daina gaggawa. Saƙon muryarsa bai wuce numfashi ɗaya: "Inna, ina kan hanya ne, zan kira ki an jima." An jimar takan kai mako.

Cikin kaset-kaset na gidan akwai ɗaya da ba a aika wa kowa ba. Ranar da aka kawo marigayiyar, Malam ya danna maɓallin ɗauka bai sani ba, yana ƙoƙarin gane kanta. Ana jin awaki, ana jin sa yana cewa, "Mero, zo ki ga, wai ta nan maganar ke shiga." Daga can bakin murhu wata murya ta ƙuruciya ta ce, "Kwanon rufin nawa ne yake magana?" Sai dariyarsa, doguwa, har da tari a ƙarshe. Tun da ya rasu, kowace Juma'a bayan la'asar Goggo takan saki labule ta kunna.

Ciwon ya fara ne da jan murya, Malam ya riƙa magana a hankali kamar wanda ya tsufa a cikin akwatin. Daga nan ta fara tauna zare, Goggo na zaro shi tana naɗewa da biro. 'Yar Goggo, Sakinatu, ta kara wayarta a bakin rakodar ta kwafi muryar, aka ce an huta. Kafin girbi wayar ta faɗa bahon wanki, ta tafi da abin da ke cikinta.

An ɗora marar lafiyar a mashin zuwa Funtuwa, Goggo na rungume da ita a cinya. Shagon mai gyaran rediyo ya koma na waya. Ɗansa Abdussamad ya buɗe bayanta, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Goggo, robar da ke juya ta, tun Baba na da rai aka daina kawo ta. Ki yi haƙuri." A Malumfashi aka sami Malam Isah, tsohon mai gyara da ido ya fara bari. Da laluben yatsa ya yanko roba daga tsohon tib ɗin keke ya ɗaura mata, ya ce, "Zan ja mata kwana, ban ce na warkar ba." Haka kuwa aka yi. Ranar Laraba Goggo ta kasa jiran Juma'a ta kunna. Kalmarta ta ƙarshe ita ce, "Mero, zo ki…" Sai ƙas.

Ta rasu ta bar kwalla guda cike da kaset-kaset, da biron da ya yi jinyarta, da ƙyallen rufinta na sakar hannu. Ta bar tsofaffin matan unguwa da muryoyin 'ya'yansu ke kulle a ciki, wasunsu 'ya'yan ba su dawo ba. Ta kuma bar magajiya, wato waya, wadda ba ta san kowa a gidan ba.

'Yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo neman gawar, an ba su ruwa an sallame su. Liman ya ce babu wanka, babu salla. Don haka ranar Asabar da safe za a naɗe ta cikin tsohon rawanin Malam a ɗora ta bisa kabad. Ana karɓar gaisuwa a tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya. Goggo ta ce kada a turo ta'aziyya ta waya, mai ƙafa ya tako. In kuma akwai wanda ke da rakoda mai sauran numfashi, a Gozaki ne ko Matazu ko ina, ya taimaka ya zo da ita aron yamma ɗaya. Ta riga ta sayi batir ta ajiye.